Ga mai son karanta kiɗa da waƙa a jami'a

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka gama sakandare a nan Sakkwato, kana taɓa fiyano a wani situdiyo, muryarka ma ba laifi, kana son yin digiri a kan kiɗa da waƙa amma ba ka san inda ake yi ba, kuma Baba bai saki jiki da maganar ba. Na bi wannan hanyar, shi ya sa amsar za ta ɗan yi tsawo, ka yi haƙuri.

Ni ba gadon kiɗa na yi ba, gidanmu 'yan kasuwa ne. Wani tsoho mai kukuma a bayan layinmu ya fara ɗora ni ina ɗan shekara goma sha biyu, a ɓoye, ina fakewa da aike. Da ita na girma, da ita kuma na je gwajin shiga jami'a.

Maganar wurin karatu ba ta da tsawo. Sashen kiɗa mafi daɗewa a ƙasar nan shi ne na Jami'ar Nsukka, tun 1961 yake. Akwai a Ile-Ife, akwai a Awka da Abraka da Uyo, akwai kuma a Jami'ar Legas. A Zariya da Kano akwai sassan wasan kwaikwayo da fasahar dandali, suna taɓa kiɗa, amma ba aikinsu ne su zaunar da kai shekara huɗu a kan kayan kiɗa guda ba. A nan Jami'ar Ɗanfodiyo, Sashen Harsunan Nijeriya na nazarin waƙar baka sosai, su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Jankiɗi da Sa'idu Faru an feɗe waƙoƙinsu har wutsiya, sai dai nazarin kalma ne da salo da tarihi, ba horar da hannu ko maƙogwaro ba. Ka duba kundin JAMB na shekarar da za ka zauna, don darussan da ake nema sukan bambanta. Akwai kuma ƙofar kwalejin ilimi ko difloma, irin ta makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas, daga nan mutum ya nemi shiga aji biyu.

Abin da ba wanda ya gaya mini kafin in hau mota shi ne, jami'a ba wurin fara kiɗa ba ce. Wanda ya riga ya fara suke nema. Ranar gwajinmu, malamai uku na zaune bayan tebur, na goga kukumata suka yi ta gyaɗa kai, ɗayansu har ya taso ya shafa ƙwaryar yana tambayar wace fata ce. Sai aka miƙo mini takarda mai layuka biyar-biyar da ɗige-ɗige baƙaƙe kamar kashin awaki, aka ce in rera. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa. Kunne ne ya cece ni: wata malama ta koma kan fiyano tana buga sauti huɗu, biyar, shida, ina maido mata da baki ba kuskure. Aka ɗauke ni, amma shekarar farko na ji jiki. Yawancin 'yan ajinmu daga ƙungiyar mawaƙan coci suka fito, tun suna yara suke karanta do-re-mi kamar yadda muke karanta baƙi da wasali. Abin da suke yi a minti biyar ni sai in kwana a kansa.

Don haka kafin ka cike komai, ka ba kanka wata shida zuwa shekara kana koyon karanta rubutun kiɗa. Jarrabawar MUSON da ta ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, duk mataki-mataki suke, na 1 zuwa na 8. Ko ba ka zauna ba, ka nemi littattafan matakan farko ka bi su. Kuma gaskiya ɗaya ce, fiyanon situdiyo da ake danna maɓalli ganga ta tashi da kanta, kai kana bin ta da yatsu uku, ba shi ne fiyanon da za a tambaye ka ba. Can hannun hagu na da nasa aikin daban, na dama da nasa.

Ni gogen Turawa aka ba ni a matsayin babban kayan kiɗana, biyolin, fiyano kuma na biyu, don shi wajibi ne ga kusan kowa. Na ɗauka ai gida na zo, goge goge ne. Ashe ba haka ba. Kukuma tsirkiya ɗaya gare ta ta izgar doki, yatsa na taɓa ta ne kawai ba ya danne ta kan itace. Biyolin tsirkiya huɗu, a ƙarƙashin haɓa ake maƙale shi, kuma sai ka danne. Malamina ya sa na yi makonni ina jan izga a kan tsirkiya ba tare da ɗora yatsa ko ɗaya ba, gaba, baya, gaba, baya, na'urar ƙidayar bugu na ƙas-ƙas a gefe, shi kuma yana tsaye yana gyara mini gwiwar hannu da bakin fensir. Ni da nake tara yara a ƙofar gida in na ɗauki kukuma! Ɗakunan atisaye kaɗan ne, ɗalibai da yawa, don haka da na idar da sallar asuba nake kama ɗaki, kullum awa uku zuwa huɗu. Ƙarshen kowane zango ka tsaya kai kaɗai gaban malamai ka yi. Shekarar ƙarshe kuma akwai wasan kammalawa a zaure, nawa ya kai kusan minti arba'in, a tsaye, gumi na bin bayana.

In murya za ka zaɓa, ka san abu biyu. Na farko, za a rushe yadda kake waƙa a sake gini: numfashi daga ciki, murya ta cika zaure ba makirfo, waƙoƙi da Italiyanci da Jamusanci da harsunan kudu. Na biyu, ƙungiyar mawaƙan sashe dole ce, kuma kaso mai yawa na abin da take rerawa waƙoƙin coci ne, wasu da Latin, domin daga can tarihin wannan kiɗan ya taso. Ni na yi magana da malamai tun farko, inda aka iya ɗaga mini ƙafa aka ɗaga, inda ba a iya ba na koma bayan masu goge. Wannan ka faɗa wa Baba da bakinka tun yanzu, kada ya ji daga bakin wani. Sannan ka riƙe Hausarka da kyau, don mu harshenmu na da karin sauti. Wuya ta wahala da wuyan riga hawa da saukar murya ne ya raba su. Wanda ya saba ɗora kalma kan karin Turawa, in bai kula ba, sai ya rera Hausar da Bahaushe zai ji ta banbaraƙwai.

Wani abu kuma da littafi bai faɗa ba: iskar Sakkwato ba ta ƙaunar kayan katako. Hutun Disamba na shekara ta biyu na zo gida da biyolin ɗina, na bar shi kusa da taga cikin hunturu. Da daddare na ji ƙas, na zaci ɓera ne. Da safe na ga tsaga a fuskarsa, tsawon ɗan yatsa. Sai da ya je Legas aka gyara, kuɗin kuwa ya kusa sayen wani. Yanzu soso mai ɗan danshi nake sakawa a gidan sabulu mai huji, in ajiye cikin akwatinsa. Lokacin bazara kuma zafi ne ke sakin gam ɗin da ya haɗa shi, don haka ko minti goma ba na barinsa a but ɗin mota.

A wannan hutun ne na je gaida tsohon nan mai kukuma, na kafa takarda a kan kujera na goga masa abin da na koyo, ina jiran yabo. Ya saurara har na ƙare, sannan ya ce, "Wanga kiɗi naka, in baƙo ya shigo mi kaka yi mai?" Ban da amsa. Shi yana cikin kiɗa in ya hango mutum ya shigo, nan take zai karkata, ya sako sunan kakansa da garinsu, ya komo inda ya tsaya ba wanda ya ji gaɓar. Ni kuwa idona na kan takarda. Jami'a ta ba ni tsabtar hannu da haƙuri, ta ba ni iya zama da makaɗan da ban taɓa gani ba mu tashi tare. Amma wancan iyawa ta tsohon, jami'a ba ta da ita. Da na zo rubuta kiɗansa a kundin kammala digirina ma, na tarar wasu sautukan kukumar sun faɗa tsakanin maɓallan fiyano, ba layin da zai ɗauke su, sai alamu na ƙirƙiro. Ya rasu, Allah ya jiƙansa, abin da na naɗa kuma ya tafi da wata waya da ta faɗa ruwa. Har yau abin na ci mini rai. In da tsoho mai kotso ko kalangu ko gurmi kusa da kai, ka riƙa zuwa da goronka, ka naɗa da izininsa, ka ajiye a wuri biyu.

Batun abinci kuwa, ba zan yaudare ka ba. Ba wanda ke ɗaukar mai biyolin aiki a garin nan don biyolin kawai. Cikin 'yan ajinmu wasu sun shiga badujalar soja da ta 'yan sanda, wasu na koyarwa, wasu sun ci gaba da karatu. Ni ina koyarwa, ina kuma haɗa kiɗan fim da na talla, kuma nan ne karatun ya biya ni, don abin da wani zai kwana yana lalube ni a zaune nake rubuta shi. Damuwar Baba ma na san ta, tsoron kada a ce ɗansa ya zama maroƙi. Nawa mahaifin bai sauko ba sai da kawuna ya zauna da shi, na kawo takardun makarantar ya gani da idonsa. Ka nemi babba irin wannan, kada ka yi gaban kanka.

Kafin mu ƙara magana, ka kashe gangar fiyanon nan, ka buga waƙa ɗaya da hannu biyu daga farko har ƙarshe, ka naɗa ka turo mini. Ka kuma faɗa mini ko ka ɗauki darasin kiɗa a jarrabawar WAEC, don in san ta ƙofar da ya kamata ka nema.