Hukuncin bai wa tsohuwa maganin likitan ƙwaƙwalwa

Tambaya: Malam, mahaifiyarmu ta haura shekara 70. Tun rasuwar mahaifinmu ba ta barci, abinci sai an yi da gaske, kullum kuka. Mun kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta magani. Yayanmu ya hana, wai tsufa ne kawai, maganin kuma na mahaukata ne, ƙwaya ce mai bugarwa, ruƙiyya ta wadatar. Mene ne hukunci? Daga wata 'yar'uwa a Rigasa, Kaduna.

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya bai wa Hajiya lafiya.

Shan wannan magani halal ne. Idan kuma barinsa zai kai ta ga halaka, kamar ƙin cin abinci, hana ta shi zunubi ne.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Sharik cewa Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani, domin Allah bai sanya cuta ba face Ya sanya mata magani, ban da guda ɗaya, tsufa. Watakila nan yayanku ya tsaya. To amma furfura da raunin gaɓɓai su ne tsufa. Tsohuwar da bara take hira da jikoki, bana ta daina ci da barci, cuta ce ta same ta. Baƙin ciki ma ana yi masa magani: Nana A'isha takan sa a dafa talbina, kunun gari da madara, ga waɗanda aka yi wa rasuwa, tana cewa ta ji Annabi (SAW) ya ce tana rage baƙin ciki. Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Batun maye kuwa, Imam Ƙarafi, cikin malamanmu na Malikiyya, ya bambance mai sa maye da nishaɗi, irin giya, da mai kwantar da mutum ya gusar da jinsa. Na biyun ya halatta gwargwadon buƙatar magani, shi ya sa ba mai musun allurar barci wajen tiyata. Galibin magungunan damuwa ma ba sa bugarwa, sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu.

Sai dai tsoron yayanku ba a banza yake ba. Hanta da ƙodar tsoho ba sa fitar da magani da sauri, don haka likitoci kan fara da kaɗan. Ku gaya wa likita duk abin da take sha, na hawan jini, na suga, har da na gargajiya. In kun ga jiri, faɗuwa, ko barcin da ke cinye mata salla, ku koma wurinsa, kada ku tsayar da maganin da kanku farat ɗaya. Abin da nake hanawa da ƙarfi shi ne abin da wasu gidaje ke yi, a sayo diazepam, ƙwayar sa barci, a kemis a ɗura wa tsoho don ya yi shiru a huta. Wannan cutarwa ce ga wanda Suratul Isra'i, aya ta 23, ta hana a ce wa ko "tir".

Ruƙiyya ku ci gaba da yi, ba ta karo da magani. Tunda Hajiya na cikin hankalinta, a nemi yardarta da lallashi, izinin nata ne, ba na yayanku ba. Shi kuma ki roƙe shi cikin ladabi ya raka ku ganin likita na gaba, ya yi tambayoyinsa da bakinsa.

Wallahu a'alam.