Amsa ga malamin da aka ɗora wa 'yan sikawut

Assalamu alaikum Malam. Na ga tambayarka, cewa an damƙa maka 'yan sikawut na makarantarku, yara kusan talatin, kai kaɗai, ba ko sisi, kuma aikin ya fara fin ƙarfinka.

Kada ka riƙe komai a hannunka. A sansanin farko da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, yaran wajen ashirin ne kawai, amma sai da ya kasa su rukuni huɗu, kowanne da shugabansa daga cikinsu. Kai ma yi hakan, shida zuwa takwas a rukuni. Shugaban rukuni shi zai kira suna, ya duba kaya, ya koya wa ƙanana ɗaurin igiya. Da fari za su yi ta kuskure, ka haƙura. Ni na shekara guda ina karɓe musu aiki, ashe gwiwa nake kashe musu.

Batun kuɗi kuwa, nan mutunci yake zubewa. Nemi ɗaya daga cikin iyaye ya riƙe asusu, kowace naira a rubuce, a karanta wa iyaye duk ƙarshen zangon karatu.

Kuma don Allah kada ka fita da yara sai da takardar yardar iyaye, da wani babba tare da kai.

In an buɗe horon Wood Badge (na manya masu jagorantar sikawut) a jiharku, ka shiga. Tun 1919 ake horar da shugabanni da shi, an fara ne a Gilwell Park da ke Ingila. Allah ya taimaka.