Mai buɗe rufi ko mai rufin ƙarfe: wacce ta fi riƙe titi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko motar Porsche 911 mai buɗe rufi tana shan kwana kamar 'yar'uwarta mai rufin ƙarfe. Ta yi kusa ƙwarai, amma ba ɗaya suke ba.

Aikin rufin ƙarfe ya wuce ba da inuwa. Shi ke ɗaure gaban mota da bayanta, ya hana bodi murɗewa. Da zarar an cire shi, dole kamfani ya ƙarfafa ƙasan motar da gefen ƙofofi, ga kuma na'urar naɗe rufin. Shi ya sa a ƙirar 992, ɗaya daga cikin sababbin ƙirar 911, Cabriolet (mai buɗe rufi) ta ɗara Coupe (mai rufin ƙarfe) nauyi da kusan kilo 70. A lafiyayyen titi da wuya hannunka ya gane bambanci. Sai ka taka gargada kana tsakiyar kwana da gudu, nan ne sitiyari zai ɗan kaɗa, musamman a tsofaffin ƙira. Sababbin sun rage wannan sosai.

In filin tsere za ka riƙa kai ta, wallahi ɗauki Coupe. In yawon yamma ne, Cabriolet ta ishe ka, sai dai ka duba robobin rufin da kyau kafin ka biya, don rana na busar da su.