Kafin ka ɗora Windows Server kan kwamfutar mutane

Kai yaro, ka tambaye ni wai kwamfutar teburin da anka kawo shago, mai ita na son a cire Windows 10 a sa Windows Server, wato Windows ɗin da anka yi wa kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, ko za ta ɗauka. Za ta ɗauka mana. Zancen Rufus, manhajar da ke zuba Windows cikin filashi, da shiga BIOS, inda ake saita abin da kwamfuta za ta tashi da shi, ba zan ɓata yawuna kansa ba, ko wanda ya fara zuwa shago jiya ya san wannan. Tambayar da ta kamata ka yi wa mutumin ita ce: wa zai biya kuɗin lasisi?

Wani Alhaji mai wurin koyar da kwamfuta can wajen Mabera, nan Sakkwato, ya taɓa kirana. Kwamfutocinsa sun haura talatin, duk suna ɗaukar darasi daga guda ɗaya, kullum wasu na kasa shiga. Ina dubawa na gane ciwon: Windows na tebur ba ya barin na'ura fiye da 20 su shiga fayilolinsa lokaci guda. Na ce masa sai Server, na gaya masa lasisi na da tsada, kuma kowace kwamfuta da za ta shiga sai an saya mata nata izinin, wanda ake kira CAL. Ya ce in sa na gwaji tukuna, ƙarshen wata zai saya. Na gwajin nan kwana 180 Microsoft ke ba shi, na faɗa masa gaban yaransa.

Na sha wuya kan aikin nan. Katin netiwok na Intel da ke jikin madabod ɗin ya ƙi karɓar direba, wato manhajar da ke sa shi aiki, don ba a yi shi domin Server ba, sai da na sayo wani kati da kuɗin aljihuna. Na ja waya cikin silin a watan Afrilu, ka san zafin Sakkwato, kwano kamar tanda. Ya ba ni rabin kuɗina, sauran wai sai ya ga aiki.

Ya ga aiki wata shida, bai sayi lasisi ba, bai cika mini ba. Da wa'adi ya cika, kwamfuta ta fara kashe kanta duk bayan awa ɗaya, haka anka tsara ta. Sai ga shi bakin shagona yana ɗaga murya, wai na sa masa abin da zai lalace don ya dawo wurina. Ya bi gari yana ɓata ni, masu makaranta biyu da munka gama magana sunka janye. Har yau in na gan shi a masallacin Juma'a sai raina ya sosu.

Ku yaran yanzu kun kalli YouTube kuna ganin kun gama sani. Ba ka ɗaga Windows 10 ya koma Server, gogewa ake yi, saboda haka kwashe fayilolin mai kwamfutar nan tukuna. Sauti da Wi-Fi a kashe suke zuwa, sai ka kunna da kanka. In kuwa ajiyar fayil kawai yake so kuma ba shi da kuɗi, Ubuntu Server (wani tsari daban, ba Windows ba) da Samba (manhajar raba fayil) kyauta ne, sai dai baƙin allo ne, rubutu zalla, kuma na san ba ka iya ba tukuna.

Je ka kira shi. Ya rubuta a takarda wanne yake so, ya sa hannu, ya biya duka, sannan ka kunce sukurun farko.