Tambayi Likita: Inda Gubar Ƙarafa Ke Maƙalewa a Jiki

Tambaya daga wata baiwar Allah a Anka, jihar Zamfara: Likita, ina ƙarama lokacin da gubar dalma ta afka wa yankinmu a 2010, kuma an same ta a jinina. Yanzu ina da juna biyu. Shin har yau tana jikina?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Mai yiwuwa ne akwai sauranta, ko da yake dalma ba ta daɗewa a cikin jini. Cikin kamar wata guda rabinta kan bar shi, amma yawancinta ƙashi da haƙora take komawa, inda takan zauna shekaru da dama. A jikin babban mutum, fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar a ƙashi take. Abin da ya dame ni game da ke shi ne, lokacin goyon ciki da shayarwa jiki yakan ɗebo kalsiyam daga ƙashi domin gina jariri, sai dalmar ta biyo shi ta koma jini, ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan da ƙwaƙwalwarsa ke kan ginuwa. Wannan annoba ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta, inda ake niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma a tsakar gida, yara na rarrafe cikin ƙurar suna kai hannu baki, don haka ba na ɗaukar tambayarki da wasa. Ki faɗa wa masu awon ciki wannan tarihi, ki nemi a auna dalma a jininki, ki riƙa shan maganin ƙarin jini da kalsiyam da aka ba ki, domin hanjin mai ƙarancin jini ya fi tsotsar dalma. Ki kuma daina amfani da kwallin dutse, saboda yawancinsa na ɗauke da ita.

Tambaya daga wani manomin rani a kusa da Challawa, Kano: Muna ban-ruwa da ruwan da ya gauraya da na masana'antun jima. Idan an wanke latas da kabeji an dafa, gubar ta tafi?

Amsa: Malam, wanki yana kawar da ƙasar da ke bisa ganye, amma abin da saiwa ta tsotsa ya riga ya shiga cikin shukar, kuma wuta ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta kashe ƙarfe. Ruwan jima na zamani yana ɗauke da ƙarfen kuromiyam, ruwan unguwannin masana'antu kuma kan zo da wani ƙarfe mai guba, kadmiyam, wanda ke taruwa a ƙoda da hanta, ya ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. A lardin Toyama na Japan, manoman da suka shayar da shinkafa da ruwan kogin Jinzu da kadmiyam ya gurɓata sun gamu da lalacewar ƙoda da laushin ƙashi mai tsananin raɗaɗi. Ku haɗa kai ku kai ruwan da ƙasar gonar a gwada, kai kuma ka yi gwajin fitsari da na ƙoda.

Tambaya daga wani mai haƙar zinare: An ce shan madara na wanke zaibar da muke shaƙa wajen ƙona zinare.

Amsa: Ba ta wankewa. Tururin zaiba ta huhu yake shiga, ya zarce ƙwaƙwalwa da ƙoda, madara kuwa ciki take zuwa. Ka daina ƙonawa a ɗaki ko kusa da iyali, idan kuma hannunka ya fara rawa ko dasashinka ya kumbura, ka je asibiti a wannan makon.