Hukuncin yi wa kai allurar feftid don gina tsoka, rage ƙiba da warkar da rauni

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne a Garwa, ina ɗaga ƙarfe a gidan motsa jiki na unguwarmu. Na ji rauni a kafaɗa ya ƙi warkewa, ga kuma tumbi da nake so ya sauka. Wani abokinmu yana sayo wasu 'yan kwalabe ta intanet da ake kira feftid, farin gari ne da ake narkarwa da ruwa a yi allurarsa a fatar ciki. Akwai BPC-157 da TB-500 na rauni, da ipamorelin na tsoka, da retatrutide na rage ƙiba. An rubuta a jikinsu cewa na bincike ne kawai, ba don ɗan'adam ba, amma ya ce wannan rubutu don 'yan duwan ne, wato kwastan. Ba sa bugarwa, kuma ya ce babu alade a ciki. Shin ya halatta in yi? Zan iya shiga sayarwa? Kuma allurar tana karya azumi?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, neman ƙarfin jiki abin yabo ne a shari'a, domin Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, ko da yake a cikin kowannensu akwai alheri. Neman magani ga kafaɗarka ma umarni ne na Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda ya zo a hadisin Usama bin Sharik. Saboda haka manufarka ba ta da laifi, kuma maganata duka a kan hanyar da aka nuna maka ne.

Feftid sarƙa ce gajera ta sinadaran amino asid, waɗanda da su aka gina naman jiki, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa a ɗakin haɗa sinadarai ake ƙera su. Don haka haramcin maye ko na najasa bai shigo nan ba. Insulin da masu ciwon sukari ke yi wa kansu tun bayan gano shi a Toronto a 1921 yana cikin wannan dangi, haka ma semaglutide da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2017 da sunan Ozempic don ciwon sukari, sannan a 2021 da sunan Wegovy don ƙiba mai cutarwa. Irin waɗannan an gwada su a kan dubban mutane, an san awonsu da illolinsu, kuma halal ne ga wanda likita ya duba ya rubuta masa, ya saya a farmasi mai izini.

Abin da ke cikin kwalaben abokinka daban ne, kuma abin da na fahimta shi ne bai halatta ka yi wa kanka allurarsu ba. Ga dalilina.

Amfaninsu ga mutum bai tabbata ba. BPC-157 sarƙa ce ta amino asid 15, kuma mafi yawan abin da aka sani game da ita ya fito ne daga gwaje-gwajen da masu bincike a Zagreb, ƙasar Kuroshiya, suka yi a kan ɓeraye tun shekarun 1990. Abin da ya warkar da agarar ɓera ba lallai ne ya warkar da kafaɗar mutum ba, kuma an taɓa ganin haka a wannan dangi: AOD-9604 ya narkar da kitse a jikin ɓeraye, amma da aka gwada shi a kan mutane bai rage nauyin da ake fata ba, har kamfanin Ostireliya da ke kansa ya daina neman mayar da shi maganin ƙiba a 2007. Ipamorelin kuwa yana tunzura jiki ne ya ƙara fitar da sinadarin girma, kuma yawan wannan sinadari yana iya ɗaga sukarin jini, ya tara ruwa a jiki, ya kawo ciwon gaɓoɓi. Game da na rauni kuma, likitoci suna tsoron cewa abin da ke haɓaka tsirar sababbin jijiyoyin jini a wurin rauni zai iya ciyar da ciwon daji da ke ɓoye a jiki. Retatrutide magani ne da kamfanin Eli Lilly ya ƙera yake gwadawa ƙarƙashin kulawar likitoci, kuma garin da ake aikowa a kwalba da tambarin bincike ba daga hannun kamfanin ya fito ba.

Abin da ya fi nauyi a wurina shi ne, babu wanda ya san abin da ke cikin kwalbar, har shi mai sayar maka. Babu hukumar da ta tabbatar da awonsa, ko tsarkinsa daga ƙwayoyin cuta, ko ma cewa sunan da ke waje shi ne abin da ke ciki. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun semaglutide da aka samu a Burazil da Birtaniya da Amurka, ƙasashen da sa-idonsu a kan magunguna ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba. To ina ga kwalbar da ta biyo jirgi da mota ta iso Garwa a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, alhali bayan an narkar da ita dole ta zauna a firiji, mu kuwa mun san halin wutarmu? Ga kuma haɗarin allurar kanta a hannun wanda bai koya ba, daga ƙurji mai mugunya zuwa ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a arewacin Kamaru da Cadi, da kuma ƙanjamau idan samari suka yi tarayya a allura ɗaya ko kwalba ɗaya.

Rubutun da ke jikin kwalbar, wanda abokinka ya raina, shaida ce ta mai kayan a kan kayansa. Ya rubuta shi ne don ya kuɓuta daga dokar magunguna, kuma don idan cuta ta same ka ya ce shi ya riga ya faɗa. Allah Maɗaukaki yana cewa a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa hannayenku zuwa ga halaka, kuma Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa babu cuta babu cutarwa.

Mai yiwuwa ka ce ai cutar ba ta tabbata ba, kuma asalin abubuwa halacci ne. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma da ganye ne sananne da mutane suka daɗe suna sha, da na karɓe ta. Amma jiki amana ce da Allah zai tambaye ka a kanta, kuma kiyaye rai yana cikin larurorin da shari'a ta zo don tsare su, alhali faɗin ƙirji da shafewar tumbi suna cikin abubuwan ƙawa ne. Ba a sa abin larura cikin haɗari don abin ƙawa, kuma kawar da ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani, balle amfanin da ake zato kawai. Malamanmu na Malikiyya sun shahara da toshe ƙofar da ke kaiwa ga ɓarna tun kafin ta auku. Da a ce likitoci ne suke gudanar da gwaji na hukuma, suka bayyana maka haɗarin, ka yarda, suna bibiyar lafiyarka, da hukuncin ya sauya. Yi wa kai allura a ɗaki ba ya cikin wannan.

Kuma kana da wata hanya. Ka kai kafaɗarka ga likitan ƙashi a duba ko tsoka ce ta yage ko gaɓa ce ta goce, ka ajiye ƙarfe mai nauyi har sai an ba ka izini, ka bi atisayen da masu gashin ƙashi za su tsara maka. Tsoka tana ginuwa da wake da gyaɗa da ƙwai da madara da kifin Binuwai, tare da isasshen barci, tumbi kuma yana sauka idan aka rage sukarin shayi da lemon kwalba aka bi awon hadisin Miƙdam bin Ma'adikarib: sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi.

Sayarwa ta fi amfani da shi muni, domin cutar ta ƙetare ka zuwa ga wani. Ciniki ne na garari, wato sayar da abin da ba a san haƙiƙarsa ba, kuma Annabi ya hana shi a hadisin Muslim. Idan ka ɓoye wa mai saye rubutun kwalbar ko ka yi masa alkawarin waraka, ka faɗa cikin algus. Idan kuma ka tsara masa awo ko ka yi masa allurar da hannunka, hadisin Abu Dawud ya hau kanka, cewa wanda ya yi aikin likita alhali ba a san shi da likitanci ba, shi ne mai lamunin abin da ya lalata. Ka isar wa abokinka wannan da lalama. Wanda yake shiga gasa kuma yana da ƙarin laifin ha'inci da saɓa sharaɗi, domin WADA, hukumar duniya mai yaƙi da amfani da magungunan ƙara kuzari a wasanni, ta haramta BPC-157 tun 2022, kuma a 2016 an dakatar da 'yan wasa 34 na ƙungiyar ƙwallo ta Essendon da ke Ostireliya a kan thymosin beta-4, sinadarin da TB-500 ke kwaikwayo.

Game da azumi, allurar da ake yi a ƙarƙashin fata wadda ba ta zama madadin ci da sha ba ba ta karya shi, kuma haka Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zartar a zamanta na Jidda a 1997. Ingancin azumin bai halatta abin da aka hana ba. Wanda likita ya rubuta wa semaglutide ya tuntuɓe shi kafin Ramadan, domin maganin yana iya kawo tashin zuciya da amai, kuma rashin ruwa a jiki cikin zafinmu haɗari ne ga ƙoda.

Allah ne mafi sani.