Amsa kan tukwici a jirgin ruwan shaƙatawa

Hajiya, kin tambaya ko ya wajaba ki sake ba ma'aikata tukwici alhali an ce miki an riga an haɗa shi cikin kuɗin tikiti. Bai wajaba ba. Kamfanoni irin su Seabourn da Silversea da Regent Seven Seas sun haɗa tukwicin ma'aikatan jirgi cikin farashinsu, don haka babu wanda zai ga kin yi rowa idan kika sauka ba ki miƙa komai ba.

Sai dai ki karanta takardar tikitinki da kyau, domin abin da aka haɗa bai cika wuce ma'aikatan cikin jirgi ba. 'Yan dakon da suke karɓar akwatuna a bakin tashar jiragen ruwa, misali a Miami, ba ma'aikatan kamfanin ba ne, kuma an saba ba su dala 1 ko 2 kan kowane akwati. Haka ma direba da ɗan jagoran da za su zagaya da ku gari idan jirgi ya tsaya, saboda haka ki tanadi ƙananan takardun dala a jakar hannunki.

Ni a ganina, wanda ya fi cancantar ƙari shi ne mai gyaran ɗaki, wanda galibi ɗan Filifin ne ko Indunusiya, ya bar iyalinsa watanni yana aiki kullum. Idan ya kyautata miki, ki sa abin da ya sauwaƙa a ambulan ki ba shi hannu da hannu a daren ƙarshe, sannan ki ambaci sunansa a takardar jin ra'ayin fasinjoji, domin shugabanninsa suna dubawa.